Rigar Kujera Ba Ta Da Laifi

Na ɗaura aniyar tsaya wa wata baiwar Allah da ake zagi a gareji-gareji daga Ingila har Kalifoniya, ba a taɓa jin ta bakinta ba: sabuwar rigar kujera da ake ɗinkawa bisa samfurin ta asali domin tsohuwar motar Volkswagen Kombi. Mu a nan jakar neman abinci muka san motar; ita ce Legas ta shafa wa rawayan fenti ta kira danfo, ta loda mata jama'a har da mai lilo a bakin ƙofa. A Turai da Amurka kuwa, da tsufa ya zo mata sai ta koma amarya. A Wolfsburg ta ƙasar Jamus aka fara ƙera ta a 1950, aka mayar da aikin Hanoba a 1956, Brazil kuma ta riƙe ta har Disambar 2013, lokacin da dokar burki da jakar iska ta zamani ta yi mata ritaya. A 2017 an yi gwanjon wata mai tagogi 21 a Amurka, ta haura dala 300,000. Shi ya sa za ka ga mutum mai hankalinsa ya jawo kwarangwal ɗin da kaji ke ƙwai a ciki, ya zuba mata dukiya shekara da shekaru. Mai walda ya gama nasa, fenta ya gama, makaniki ya tayar da inji. Saura kujeru. A nan ne gogan naka yake naɗe hannun riga ya ce, "Wannan kam da kaina zan yi, ai riga ce kawai." Daga wannan kalma ta "kawai" shari'ar ta samo asali.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne ko'ina, kamar sun haɗa baki. Kwali ya iso, leda sabuwa fil tana ƙamshi. Gogan naka ya farke tsohuwar rigar, sai wani jan gari ya zubo kamar an zazzage buhun ƙaiƙayi, tare da tsabar kuɗin da aka daina karɓa tun kafin a haifi ɗansa na fari, da murfin biro, da sheƙar ɓeran da ya yi zamansa ya ƙaura. Ya share da ƙafa, ya zura sabuwar rigar. Ta shige salin alin, har ya fara murmushi, sai ya ja baya ya duba: kafaɗa ta zube, ciki ya yi tattara, kujerar ta fito kamar yaron da aka sa wa babbar rigar ubansa ranar sallah. To, ai da sauƙi. Ya jawo tsohuwar katifa, ya yanko soso da wuƙar burodi, ya cusa ta nan ya cusa ta can. Yanzu kuma rigar ta ƙi sauka, saura yatsu huɗu ta kai ƙarfen ƙasa. Ya kifa kujerar ya hau da gwiwa, ya ƙwala kira, "Uwargida, don Allah zo ki danne min nan!" Ita ta danne, shi ya ja, wani tsinin ƙarfe ya shige masa ɗan yatsa, ya ƙara ja cikin fushi, ɗinki ya ce ƙyat. Shiru ya biyo baya. Uwargida ta koma kicin ba ta ce uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Da dare kuma gogan naka, da yatsa a naɗe, ya zauna yana shaida wa duniya cewa kamfanin da ya ɗinka rigar bai san aikinsa ba.

An bar jaki ana dukan taiki. Hujjata ɗaya ce, kuma a kanta zan tsaya har a tashi: ita wannan riga, an auna ta ne a jikin kujerar ranar da ta fito daga masana'anta, ba a jikin abin da ya rage bayan shekara hamsin ba. Kujerar Kombi hawa-hawa ce. Akwai ƙarfen da ke riƙe da ita, a kansa sifirin, a kan sifirin wani kauri irin na buhun algarara don kada waya ta huda abin da ke sama, sannan katifa, sannan shimfiɗa mai laushi, sannan ledar da ido ke gani. Katifar nan Turawa gashin doki suke ce mata, alhali yawancinta zaren ɓawon kwakwa ne da aka game da roba aka matse a siffar kujera. Ita ce jan garin da ya zubo ɗazu. Ba datti gogan naka ya share da ƙafa ba, rabin kujerarsa ya share. Ƙara da cewa injin motar a baya yake, direba kuwa a kan tayar gaba yake zaune daram, ta yadda duk ramin da taya ta faɗa sai kujera ta sa hannu ta karɓi saƙo. Gefen da ke bakin ƙofa shi ya fi shan wuya, domin ta nan ake murzawa a shiga, ta nan ake zamewa a fita, sau dubu nawa Allah kaɗai ya sani. Sifirin ya karye, tsatsa ta ci wasu, kafaɗa ta rusuna. Mutumin da ya kai wa tela awon da aka yi masa yana saurayi, ya karɓi kaftani bayan jinya ta zabge shi, ba shi da bakin cewa tela ya yi masa burgujejen ɗinki. Telan ya cika alkawari. Jikin ne ya saɓa.

Ko da an gyara cikin, akwai halin ledar kanta, wanda shi ma ake ɗora mata laifinsa. Leda da sanyi ba sa ga maciji. A garejin Ingila cikin watan Janairu tana sandarewa kamar ƙirgi, ka ja ta ta ƙi, ka matsa mata ta tsage. Sai ta sha ɗumi take sakin jiki, shi ya sa masu sana'ar ke shanya ta a rana, inda kuma rana ta yi rowa a ari na'urar busar da gashi ta uwargida, in har ana shiri bayan abin da ya faru jiya. Abin da Bature ke jira wata da watanni, ranar Afrilu a Sakkwato za ta yi masa shi kafin ya gama shan shayi, har ta ƙara masa da wanda bai roƙa ba. Rigar majingina kuma ba a zura ta kamar hula. Juya ta ake yi ciki ya koma waje, a kafa ta a kai, a riƙa naɗowa ƙasa kamar safa, wasu ma sukan rufa wa katifar siririyar ledar shago don ta yi santsi. A fara ɗaurewa daga tsakiya, gaba da baya, sannan a bi gefe, ana dubawa kada layin ɗinki ya karkace. Tsinin nan da ya sha jinin gogan naka, jere suke a ƙarfen ƙasa kamar haƙoran kada, a kansu ake soke bakin rigar a lanƙwashe su, kuma ƙarfen da ya shekara hamsin ba ya jure lanƙwasa uku. Inda suka karye sai a koma ga wasu ƙananan zobban waya da ake matsewa da filaya ta musamman, waɗanda Turawa ke kira zoben alade, domin asalinsu a hancin alade ake maƙala su kada ya tone gona. Ramin sukurori da na mariƙin lanƙwasa kujera kuwa, sai an gama komai ake huda su. Wanda ya huda tun farko zai tarar ramin ya yi ƙaura zuwa inda ba a gayyace shi ba.

Sai kuma batun da masu ƙara ba sa son a tayar, wato ko rigar da suka yi oda ta motarsu ce. Ba kowace Kombi ce Kombi ba. Mai gilashin gaba biyu ita Jamus ta yi har 1967, daga nan mai faffaɗan gilashi ɗaya ta karɓa har 1979, Brazil kuma daga 1976 ta riƙa fitar da wata ruwa biyu, goshin sabuwa a jikin tsohuwa. A cikin shekara guda ma akwai mai dogon benci a gaba, akwai mai kujerar direba daban da ta mutum biyu a gefe, akwai mai hanya a tsakiya da za ka ratsa ka wuce baya. Akwai mai sitiyari a dama, akwai mai shi a hagu. Mu da muka sauya hannun tuƙi a Afrilun 1972 mun fi kowa sanin cewa wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Mafi ban dariya, lambar jikin motar na iya cewa 1971, kujerar da ke ciki kuwa wani mai motar na uku ne ya tsinto ta a wurin 'yan gwangwan daga wata motar daban. Gogan naka ya yi oda da shekarar motar, bai tambayi shekarar kujerar ba.

Na san za a ce, to lauya, kana nufin babu rigar banza a kasuwa ke nan? Akwai, kuma ba zan rantse a kan kowace ba. Wasu an kwafi samfurinsu daga tsohuwar rigar da ta riga ta miƙe, wasu ledarsu ta fi takardar tsire kauri da kaɗan. Amma irin wannan laifi a fili yake tun kafin a taɓa filaya: a shimfiɗa sabuwa a kan tsohuwa, a gwada layi da layi, a ƙirga ninki. Mai ƙara da ya yi haka ya ga saɓani, ya mayar da kaya cikin kwalinsu, ni ma ina bayansa. Wanda ya soke ta a haƙoran kada goma sha, ya yage ta, sannan ya gano ba ta yi ba, tambaya uku kawai nake yi masa: ka duba sifirin? ka sake katifa? ka ɗumama ledar? A nan galibi ake fara duban silin.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma daga wajenmu yake fitowa. Me ya kai mutum jiran kwali daga ƙetare, alhali ga mai gyaran kushin a bakin tasha, da keken ɗinkinsa da almakashi, wanda zai auna kujerar yadda take yau ya yanka mata daidai ita? Ga motar da ke fita neman abinci da asuba, wannan ita ce magana, ban da abin cewa. Sai dai a lura, gwanin mai kushin shaidana ne, ba na masu ƙara ba. Ka kai masa kujera ka ga abin da zai fara yi: zai tuɓe ta tsirara, ya latsa sifirin da tafin hannu, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ai cikin ne ya mutu." Wanda bai faɗi haka ba, ya ɗinka sabuwar riga a kan karyayyen sifirin, kitso ya yi maka da ƙwarƙwata, kuma wata uku ya isa ƙugunka ya kai maka rahoto. Ban da haka, mai raya tsohuwar mota ba wurin zama kawai yake nema ba. Yana neman ledar nan mai zanen saƙar kwando, da layukan da zafi ya manne ba allura ba, ko yadin nan mai gidan dara kore da rawaya na motocin yawon shaƙatawa da kamfanin Westfalia ya riƙa shiryawa. A wurin baje kolin tsofaffin motoci akwai dattawan da za su leƙa ta taga, su ga ɗinkin zare inda ya kamata a ga mannen zafi, su kalli juna kamar an yi rasuwa. Kana iya cewa wannan hauka ne, ba zan yi musu ba, amma hauka ne mai ƙa'ida, kuma wanda ya shiga da ƙafarsa ya karɓi ƙa'idar.

Saura masu cewa ai cikin kujera ba a ganinsa, don me za a kashe masa kuɗi, ga soso a banza. Soson da aka zuba a siffar kujerar ba ni da rigima da shi, ko da yake zaren kwakwa ya fi shi barin iska ta ratsa, abin da bayan direba ke godewa a lokacin zafi. Rigimata da na tsohuwar katifa ce. Sitiyarin Kombi faffaɗa ne, kusan a kwance kamar faifai, kuma tsakaninsa da cinyar direba ba wani fili ne na a zo a gani ba. Ƙara yatsu uku na soso, sai ga gogan naka a zaune can sama kamar mai jiran a naɗa masa rawani, cinya na gogar sitiyari, yana sunkuyo da kai don ya hango fitilar kan hanya. Kuɗin da ya ƙi bai wa katifa kuma zai biya su ninki a riga ta biyu, har da kuɗin jirgi, har da filasta.

Abu ɗaya ne na kasa kare wadda nake karewa a kansa, kuma gara in faɗa da bakina kafin a tona. Idan aka bi duk ƙa'idar nan, aka ɗaure sifirin, aka sa sabuwar katifa, rigar ta hau ta zauna sumul ba tattara ko ɗaya, to daga ranar kujerar ta daina zama kujera. Baƙo zai miƙa ƙafa zai shiga, mai motar ya tare shi ya tambaya ko akwai makulli a aljihunsa na baya. Yara kuwa sai an duba hannuwansu gaba da baya, mai alewa ya bi a ƙasa. Shi kansa gogan naka, kafin ya zauna, sai ya buɗe bayan mota ya ɗauko wani tsohon bargo mai ramuka biyu, wanda kare ya gama yayinsa a kai, ya shimfiɗa shi a hankali ya rufe kujerar ruf, ya soke gefe da gefe kada ko kusurwa ta leƙo, sannan ya hau ya tayar da mota.