Masu Kallon Agogo A Tsohon Garin Prag

Akwai kukan da ake yawan ji game da tsohon garin Prag, babban birnin Jamhuriyar Cek: wai wuri ne mai kyau, sai dai mutane sun ɓata shi. Masu wannan magana suna son titunan dutse da hasumiyoyin cocin Tin da gadar da Sarki Karel na Huɗu ya aza harsashinta a 1357, amma a kwashe musu 'yan Adam daga ciki. A ganina sun ɗauki zancen a baibai, domin cunkoson baƙi ya girmi kusan duk ginin da ke tsaye a unguwar. Tun wajen shekarar 965 wani ɗan kasuwa Bayahude daga Andalus, Ibrahim ɗan Yaƙub, ya isa Prag, labarinsa kuwa da ya iso mana ta hannun al-Bakri, malamin nan da ya rubuta labarin Daular Gana, ya nuna gari ne da fatake ke kwararowa cikinsa daga nesa. Bayan cocin Tin har yau akwai farfajiyar Ungelt, zangon fataken waje ke nan, inda suke sauke kaya su biya kuɗin fito. Mai son sanin unguwar nan sai ya ɗan juya wa gini baya, ya kalli jama'a.

Wurin farawa shi ne gindin agogon da aka kafa a bangon tsohon zauren majalisar gari a 1410. Duk sa'a ɗaya, daga safe zuwa dare, gunkin ƙwarangwal yana kaɗa ƙararrawa, tagogi biyu su buɗe, gumakan almajiran Annabi Isa goma sha biyu su gifta, zakara ya yi cara. Duka-duka abin bai kai minti ɗaya ba. Nan ne mazaunin Mai Ɗaga Waya, wanda ya biya kuɗin jirgi, ya tsaya rabin sa'a cikin sanyi, da lokaci ya yi kuma sai ya sa waya tsakaninsa da abin da ya zo gani. Yana sauke hannu zai tambayi na kusa da shi, a kowane harshe Allah ya ba shi, "Shi ke nan?" Shi ke nan ɗin ne, malam, kuma ko shi ba ka gani ba. Gabansa akwai Ja-gora Mai Laima, wanda ke ɗaga laimarsa a rufe ko babu hadari don tawagarsa kada ta ɓace. Shi ne zai sassauta murya ya ba da labarin yadda manyan gari suka ƙwaƙule idon maƙerin agogon, Hanush, don kada ya ƙera wa wani gari irinsa. Takardun tarihi sun nuna wani ne daban, Mikulash na Kadan, ya ƙera shi. Ja-gora ya sani sarai, amma ya lura ba a ba da tukwici mai kauri a kan maƙerin da ya mutu da idonsa biyu.

A kan gada, saman kogin Vltava, sai Mai Shafa. Akwai gunkin Yohana na Nepomuk, limamin cocin da aka jefa kogin a 1393, kuma an ce wanda ya shafa farantin tagullar da ke gindinsa zai sake dawowa Prag. Mai Shafa bai san Yohana ba, bai san laifinsa ba, ya dai ga layi ya shiga. Da ya ga hoton kare a ɗaya farantin yana ƙyalli, sai ya shafa shi ma, don kada a yi rabon alheri babu shi. Kusa da shi Mai Tsaraba na cinikin 'yar tsanar katako ta Rasha da hular gashi mai jan tauraro, a garin da tankokin Sobiyet suka mamaye a 1968. Sai kuma Masanin Kafka, sanye da rigar da aka buga hoton marubucin, wanda aka haifa a gefen dandalin da agogon yake a 1883. Zai yi maka bayanin ruhin adabin Cek tiryan-tiryan, ba tare da ya ji cewa mutumin da Jamusanci ya yi rubutunsa ba.

Amma sarkinsu duka shi ne Mai Neman Na Asali, kuma shi ne mai kukan da aka fara da shi. Ba ya yarda a kira shi ɗan yawon buɗe ido. Yana kallon masu layin sayen trdelnik, ƙullin fulawar da ake naɗewa a sanda a gasa a barbaɗa sukari, yana taɓe baki, yana sanar da duk mai kunne cewa abin ba tsohon abincin Prag ba ne, daga wajen Sulobakiya da Taransilbaniya aka aro shi. Gaskiyarsa ce, sai dai laifi tudu ne. Yakan tashi da asubar fari don ya samu gadar babu kowa, ya tarar da ire-irensa jere da kyamarori, kowa na harar kowa, ga amare cikin farin kaya suna rawar ɗari a gaban masu hoto. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce duwatsun na gaske ne, taron kuwa na bogi. To, duwatsun ma sun sha faci. A watan Mayun 1945 wuta ta ci zauren majalisar, almajiran agogon na yau sabon sassaƙa ne na bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da yawa daga gumaka talatin na kan gada kwafi ne, na ainihin suna ajiye a wani wuri. Tsohuwar unguwar Yahudawa, Yosefob, an rushe mafi yawanta tsakanin 1893 da 1913, aka shimfiɗa Titin Paris inda yanzu ake sayar da jakunkuna masu tsadar tsiya. Idan na asali ake nema, mutumin da ya zo daga nesa aka sayar masa da abu ninki biyu yana da dogon tarihi a nan fiye da rabin abin da yake ɗauka hoto.

Akwai ƙorafi guda da ba za a kore shi da raha ba. Fataken da sun zo ne wurin mutanen gari, baƙin yau kuwa suna maye gurbinsu. Gidajen haya sun koma masaukin kwana biyu, kantin burodi ya koma rumfar canji, kuma Ɗan Gari, wannan da ke ratsa dandali da jakar cefane, kai a sunkuye, bai ɗaga ido ya dubi agogo ba tun yana makarantar firamare, yana ta raguwa. Na yarda da wannan, kuma yana ƙarfafa maganata ne: in mutane ne unguwar, to ɓacewar iri ɗaya daga cikinsu asara ce da ta fi faɗuwar gunki, don shi ba a sassaƙa kwafinsa. Hukumar birnin ma da hali take faɗa, ba da yawan kawuna ba. A 2016 ta hana keken lantarki mai ƙafa biyu, Segway, yawo a tsakiyar gari, a 2024 kuma ta hana kamfanoni zagayawa da ayarin mashaya daga wannan gidan giya zuwa wancan bayan ƙarfe goma na dare. Dokar ta fi shafar Abokan Ango, samarin da jiragen araha ke saukewa daga Ingila ranar Juma'a, sun sa wa angon kayan jarirai ko na kaza, waɗanda ranar Lahadi za su koma gida suna rantsuwa cewa ba su taɓa ganin gari mai kyau irin wannan ba, ko da yake ba su tabbatar ko akwai kogi a cikinsa ba.