Zuwa ga Lokotoron Dungas, Wanda Bai Shiga Aji Ba Tukuna

Taubashi, barka da arziki. Labari ya iso mana Magarya tun kafin kai kanka ka gama karanta takardar: ka ci jarrabawar bak, an ba ka gurbi a sashen koyon aikin likita na Jami'ar André Salifou da ke Damagaram. An ce tun daga ranar, in an kira ka da sunan yanka ba ka waiwayowa, sai an ce "lokotoro". An ce Kawu ya daina aiken ka ban ruwan shanu, wai kada hannun da zai riƙe wuƙar tiyata ya yi kanta. Madalla. Gwaggonka ta yi guɗa har murya ta dishe, ta ce in gaishe ka. Ni kuwa, da yake aikin ɗan mace ne ya faɗa wa ɗan namiji abin da kowa ke jin nauyin faɗa masa, na ga gara in rubuto ta jarida, don mutanen Dogo-Dogo da Guci da Malawa su zama shaida.

Ka fara da sanin matsayinka. Jiya-jiya, a 2011, aka yaye Dungas daga Magarya aka ba ku taku gundumar. Kafin nan a bayanmu kuke a goye, mu muke share muku hanci. Yau ga shi an wayi gari yayayyen ne zai ce mana mu buɗe baki mu ce "aa". Ba komai, mun gode Allah da renonmu bai faɗi ƙasa banza ba.

Wanda ya leƙa akwatinka ya ba ni labari dalla-dalla. A sama akwai fararen riguna biyu, an dake su da guga har suna ɗaukar ido. Ƙarƙashinsu ga abin sauraren ƙirji da ka sayo ranar Alhamis a Maigatari, kasuwar da mutanen kirki ke zuwa cinikin shanu. Sai tabarau, alhali idonka ras yake, kana hango kwanon tuwo tun daga zaure. Can ƙasa kuma, inda ka tura su don kada abokai su gani, ga ƙunshin ƙuli-ƙuli, ga yaji a gwangwanin madara, ga garin rogo, ga kantun riɗi da Inna ta kwana tana yi maka. To ka saurara da kyau: a cikin kayan nan kaf, na ƙasan ne kaɗai za su yi maka rana bana.

An ma ce har ka buɗe asibiti a tsakar gida. Ka kira Kaka, ka zaunar da ita a kan turmi, ka maƙala abin a kunne a baibai, ka ɗora mata a ƙirji, ka yi shiru, ka haɗe gira, can ka ce ba ka jin bugun komai. Ta ce to ai shi ke nan, a kira liman, tun da jikanta ya tabbatar. Ka ga riga-malam-masallaci ke nan.

Bari in gaya maka abin da ke jiran ka, tun da 'yan gidanku sun ɗauka ranar Litinin za ka shiga, ranar Talata ka fara fiɗa. A shekarar farko marar lafiyar da za ka fi duba shi ne kanka. Abin da za a jibga maka shi ne ilimin sinadarai, da fizik, da lissafi, da sanin ƙwayoyin halitta, da sanin sassan jiki. A jikin baligi akwai ƙashi 206, kuma kowanne da sunansa, da inda ya kumbura, da inda ya lotsa, da naman da ya kama shi, da jijiyar da ta ratsa ta gefensa. Wuyan hannun nan da kake ɗaura wa agogo kana jujjuyawa don a gani, ƙananan ƙasusuwa takwas ne a jere, sahu biyu, kuma za a ce ka jero su a kan tsari. Jijiyoyin da suka fito kai tsaye daga ƙwaƙwalwa tagwaye goma sha biyu ne, za a tambaye ka ta wace kafa kowace ta fita daga ƙoƙon kai da aikin da take yi. Na san za ka ce ai tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa. Haka ne, amma malamin jami'a ba zai ce maka "ina ƙashin cinya" ba. Da Faransanci zai tambaya, sunan kuma Latin ne ko Girkanci aka yi wa kwaskwarima. Kai da malam ya karya tsumagiya a kanka kafin ka kai izu biyu, ina tausaya maka.

Sannan ka cire wa ranka cewa kai ne zakara. A lisenku kai ne na ɗaya, mun ji, an buga mana waya an faɗa mana har mun haddace. Amma ɗakin da za ka shiga cike yake da na ɗaya: na ɗayan Mirya, na ɗayan Matamai, na ɗayan Gure, na ɗayan Tanut, ga 'yan mata da za su riga ka zuwa su kama kujerun gaba, su kuma riga ka fita ranar jarrabawa. Wanda ya makara, daga baya zai tsaya yana kallon bakin malami yana motsi. Ba kowa ne ke haye shekarar nan a karo ɗaya ba, kuma galibin masu faɗuwa ba daƙiƙai ba ne. Masu kaifin kai ne da suka saba karatun daren jarrabawa, suka tarar wannan karatun ba ya haɗiyuwa a dare guda.

Tafiyar kuma doguwa ce. Ba ta gaza shekara bakwai, in ba a yi yajin aiki ba, in ba ka maimaita ba. Bayan nan ga kundin bincike da za ka kare a gaban malamai, ga rantsuwa, ga bautar ƙasa. Yarinyar nan ta bayan kasuwa da ka ce wa ta jira ka "kaɗan", ka koma ka fassara mata kaɗan ɗin da lissafi. In ta ga ba za ta iya ba, ka gaya mata Magarya ba nisa, kuma ni ba karatu nake ba.

Akwai kuma maganar da dangi suka rufe, ni zan buɗe. Shekarar da masu rigakafin sanƙarau suka zo unguwarku, yara ƙanana suka yi layi suka miƙa dantse, kai a ina aka same ka? A cikin rumbun gero, ka ja murfi ka rufe, sai da atishawa ta tona ka. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma shi aƙalla yakan iya kallon jinin wani. Kai ko ragon layya aka kayar, sai ka tuna kana da aike a maƙwabta. To ka sani, kafin a bar ka ka rubuta wa kowa magani, sai ka bi bayan ma'aikatan jinya ka koyi neman jijiya a hannun jaririn da gudawa ta tsotse, ka wanke gyambo, ka ɗauki tasa. Farar rigar nan za ta ga abin da guga ba ya gyarawa.

In shiri kake so na gaske, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ciro kayenka na ajin ƙarshe ka sake bin sinadarai da fizik tun yanzu. Ka haɗa takardunka, ta haihuwa da ta zama ɗan ƙasa da sakamakon bak, ka yi musu kwafi da yawa ka sa a leda. Ka roƙi Inna ta koya maka dafa shinkafa da wake, don kuɗin tallafi ba ya zuwa ranar da ciki ya kira shi. Ka sayi jarka, Damagaram ba ta wasa da ruwa, wankan da kake yi da bokiti biyu ka bar shi a gida. Ka ɗauki gidan sauro, don abin kunya ne a kwantar da ɗalibin likita saboda cizon da yake koya wa mutane gujewa. In ka isa, ka nemi abokai biyu ko uku masu tashi da asuba ku riƙa bita tare, ka rabu da 'yan fada masu kwana a gindin butar shayi. Wayar nan kuma da kake ɗaukar hoton kanka da ita kana turo mana, ka cika ta da hotunan ƙasusuwa, sun fi ka kyan gani.

Amma kafin ka hau mota, ka biyo ta wurin manyanka. Ba don ka gaishe ni ba, na san ba ka da wannan tarbiyyar. Ka zo ka tsaya a ƙofar sashen yara na asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitocin MSF ta fara aiki tun 2005. Ka zo a ƙarshen damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai shigo ba, sauro kuma ya yi yawa. Za ka ga uwa ta sauko daga amalanke ko bayan kabu-kabu, da yaro a zane, wuyansa ya saki. Ma'aikaci zai ja fatar idonsa ƙasa ya ga ta yi fari fat, alamar zazzaɓin cizon sauro ya cinye jini. Zai zagaya masa ɗan tsiri mai launi uku a dantse, kore da rawaya da ja. In ya tsaya a ja, wato kaurin dantsen bai kai santimita 11 da rabi ba, tamowa ta yi tsanani ke nan. A ƙarshen daminar 2018 yara fiye da 700 ne ke kwance a wurin a lokaci guda, kuma MSF ta sanar cewa kusan goma ke rasuwa kowace rana. Da yawansu daga ɓangarenku aka kawo su, shi ya sa har aka riƙa buɗe wani sashen a Dungas in damina ta yi nisa. Ka kuma tuna sanƙarau na ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023: a duk jihar Damagaram, gundumarku ce ta fi yawan waɗanda suka kamu.

Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da dubu 570 a gundumar Magarya, fiye da dubu 350 a ta Dungas, kuma ka san tun daga lokacin ba mu zauna haka nan ba. A ƙasar nan ba a kai likita ɗaya ga mutum dubu goma ba, 'yan kaɗan ɗin ma Yamai ta kwashe kaso mafi tsoka. Masu riƙe da ƙauyukanmu su ne majo a ƙaramin asibiti, da ungozoma, da 'yan sa-kai masu bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓi wata-wata. Duk ranar da ka tsaya kusa da ɗayansu, ka rage murya ka buɗe kunne. Ba su san sunan ƙashin kunne da Latin ba, amma daga bakin ƙofa suke gane yaron da ba zai kai gobe ba in ba a yi sauri ba.

Kana da abu ɗaya da ba a koyarwa a jami'a, ko da yake ban so yabon ka ba. In uwa ta ce "haƙori ne ke damun sa", ka san gudawa ce ta kwana uku. In ta ce an cire masa beli, ka san wanzami ya riga ka ganin yaron. In ta yi shiru da aka tambaye ta me ya sa ba ta zo da wuri ba, ka san maigida ya tafi ci-rani Kano ko Agadas, kuɗin mota kuma sai da aka sayar da akuya. Kada Faransanci ya kore maka wannan sanin. Likitan da ke daka wa irin wannan uwar tsawa, gobe ba za ta dawo ba, wurin mai tallan ƙwayoyi a faranti za ta tafi.

Saboda haka ga hukuncina, a gaban shaidu. Mutanen Dungas, kada wanda ya ƙara kiran sa lokotoro sai ya kawo takardar haye shekarar farko. Kawu, a mayar da shi ban ruwa har ranar tafiya. Kai kuma taubashi, bashin kuɗin sharata na watan cika-ciki yana nan, ka biya kafin ka tashi, don na san ɗalibi ba ya biyan bashi. Allura kuwa, ko ka gama ba zan miƙa maka jikina ba sai na ga ka yi wa Kawu ya kwana lafiya. Ka je ka yi karatu kamar ba ka da wayo, Allah ya buɗa maka ƙwaƙwalwa, ya raba ka da rumbu. In ka karɓi takardar, kada mu ji ka a Yamai ko Faransa kana turo mana hoto cikin rigar sanyi. Ka dawo Dungas ka yi aiki, mu ma mu huta da renon marasa lafiyarku.