Likitan Falo

A 2006 kamfanin Atlus na Japan ya fitar da wasan Trauma Center: Second Opinion a na'urar Wii ta Nintendo, ya ba duk mai riƙe da rimot lasisin tiyata ba tare da ya taɓa leƙa ajin likitanci ba.

Hannun hagu na zaɓo kayan aiki, na dama na yanka. Ka nuna talabijin ka tsaga fata, ka matse maɓalli biyu ka zaro fasasshen gilashi, sannan ka yi ɗinki a karkace kamar ɗan koyon tela a daren jajibirin salla. In zuciya ta tsaya, ka tura hannu biyu gaba ka ba ta wutar lantarki. In al'amari ya rincaɓe, jarumin wasan, Dakta Derek Stiles, ya zana tauraro, lokaci ya rage gudu. Likitocin gaske har yau suna jiran a koya musu wannan.

Sai dai rimot ba ya rufa wa kowa asiri. Atishawa ɗaya, wuƙa ta zarce inda ba a aike ta ba. Majinyaci ya cika, ba zaman makoki, ba dangi a bakin ƙofa. Ka danna maɓalli, bawan Allah ya dawo kan gado a sake yanka shi.