Abin da Baƙo Ba Zai Gani Ba

Ina da wani ciwo da ban taɓa kai wa likita ba: hannuna ba ya shiga aljihu a kan abin da baƙo ba zai gani ba. Labule, fenti, fitilar falo, waɗannan ko tayi ba na yi. Amma a ce in sayi siminti don a binne shi a ƙarƙashin tayil, nan take nake zama masanin tattalin arziki.

Da za a sa mana tayil a falo, mai aikin ya zo da doguwar sandar alminiyum da siririn tiyo cike da ruwa. Ya bi bango yana sa alama da fensir, domin ruwan tiyo ba ya ƙarya, bakinsa biyu tsayi ɗaya suke tsayawa. Sannan ya kwantar da sandar a kan tsohon daɓen. A tsakiyar ɗaki yatsunsa biyu suka shige ƙarƙashinta, bakin ƙofa kuma ga tudu.

Ya ce, "Alhaji, wurin nan sai an daidaita shi." A sassaƙe tudun, a share ƙura, a jiƙa, a zuba sabon daɓe, kwanon siminti 1 na yashi 4, a yi ta ba shi ruwa kamar mako guda kafin a ɗora komai. Ya ƙara da cewa tayil ɗin da na sayo, mai santimita 60 kowane gefe, ba ya haƙuri da kwari. Ƙanana ne ke iya bin ƙasa duk yadda ta karkata. Ni kuwa babban na zaɓa don shi na gani a falon wani abokina.

Na gyara tsayuwa kamar ni na gina ganuwar Kano, na ce ya bar dogon zance, inda kwari yake ya ƙara cura siminti a bayan tayil ɗin. Ya dube ni, ya dubi yaronsa, ya ce, "To, Alhaji, kuɗinka ne."

Abin kunyar shi ne na san gaskiya. Na tashi na ga iyayenmu mata suna daɓen ɗaki: a baje tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta dukanta da madaɓi ana waƙa, a bi da ruwan makuba na ɓawon ɗorawa. Ba su da sandar awo, amma ba a taɓa ajiye randa ta jirkice ba.

Yau in ka ƙwanƙwasa tsakiyar falona za ka ji ƙwal-ƙwal, don iska ce a ƙasa. Inda ƙafar kujera ta sauka a kan ramin, tayil ya tsage. Bakin wani ya ɗara na maƙwabcinsa, shi ke gaisawa da babban yatsana duk asuba. In uwargida ta yi goge-goge, ruwan ya san hanyarsa, tsakiyar ɗaki yake taruwa.

Tsagar na rufe ta da darduma, teburin na cusa masa kwali a ƙafa. Bara na tara kuɗin gyara har na kira mai tayil ɗin, ya ce zai zo bayan Sallah. Kafin Sallar na bi ta kasuwar Kwari, na ga wani labule mai ruwan zuma.