Mu da CV ɗin aro a Nima da Maamobi

Mu 'yan Zango akwai ɗabi'ar da muka yi tarayya a kanta, daga Nima har Maamobi har ka gangara Newtown. In aka ce wani kamfani na ɗaukar ma'aikata, ba ma zama mu rubuta CV, sai mu nemi na wani. Saƙo ɗaya ake turawa a WhatsApp: "Yaya, don Allah turo min naka in canza suna." Shi ma yayan a hannun wani ya karɓa shekarar da ya gama bautar ƙasa, wancan kuma a kwamfutar mai shagon buga takardu ya samo. Haka takarda ɗaya ke yawo gida-gida, suna kawai ake sauya mata.

Ka leƙa kowane shagon kwamfuta a bakin babban titin Nima da hantsi, za ka ga yadda abin ke tafiya. Yaro ya shigo da sakamakon jarrabawar WASSCE a cikin ambulan mai ruwan ƙasa, ya gaida mai shago ya zauna a benci. Mai shago ya buɗe samfurin da ke ajiye tun tuni, ya goge sunan wanda ya riga shi, ya ce: "Ƙanena, sunanka? Wace makaranta? Wace shekara?" Da aka iso layin abubuwan sha'awa, ga su nan a rubuce: karatu, ƙwallo, tafiye-tafiye. "In bar su?" Yaro ya ce: "Bar su, Maigida, sun yi." Kafin shayin mai shago ya huce an buga, an biya, an fita. Wani lokaci a can ƙasa, wurin masu ba da shaida, sunan wani shugaban makaranta ne da yaron bai taɓa gani ba, ya taho tare da samfurin.

Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017, masu riƙe da irin wannan ambulan sun ƙaru a kowane lungu, ga kuma masu fitowa daga Legon da UPSA da Jami'ar Fasaha ta Accra duk shekara. Jami'in da ke tace takardu yakan tarar da tuli a gabansa, kuma in ya ga goma a jere da jimla ɗaya a sama, kowa mai ƙwazo ne mai son aiki da jama'a, ba ya karanta ta sha ɗaya.

Ƙannenmu masu wayar zamani sun ɗauki wata hanyar. Su Canva suke buɗewa, su zaɓi samfuri mai shuɗin gefe, da hoto a da'ira, da 'yan sanduna masu nuna wai an iya kwamfuta kashi tamanin cikin ɗari. Masu karatun lissafi da kwamfuta kuma sun gano Overleaf, inda ake tsara takarda da LaTeX, manhajar da Leslie Lamport ya gina a shekarun 1980 a kan TeX na Donald Knuth. Takardarsu na fita tsaf kamar shafin littafi, kuma da gyara layi ɗaya duk kanun takardar ke sauya girma ko launi. Masu neman tallafin karatu a Turai su kuma Europass suke cikawa. Duk kayan aiki ne masu kyau. Sai dai waɗanda suka zana su ba su san Zango ba, ba su bar gurbin abin da muke da shi ba, mu kuma in ba mu ga gurbi ba sai mu yi shiru.

Dubi layin harsuna. Yarinya ta tashi da Hausa a tsakar gida, da Kotokoli wurin kaka, da Twi da Ga a kasuwa, da Faransanci daga zuwa hutu wurin gwaggo a Lome, tana kuma karanta Larabci tun makarantar allo. A takarda sai ta rubuta Turanci da Twi, ta wuce. Alhali Togo da Burkina Faso da Kwaddebuwa, maƙwabtan Ghana uku, duk Faransanci suke yi, kuma tun 2020 sakatariyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a nan Accra take. Bankuna da kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji masu aiki a arewa suna neman mai irin wannan baki.

Haka layin ƙwarewar aiki. Nawa ne cikinmu suka bar shi fayau don ba su taɓa zama a ofis ba? Wanda ya shekara biyu a rumfar MoMo ta tura kuɗi ta waya yana rufe lissafi kowane dare ba tare da sidi ɗaya ya ɓata ba, ai ya riƙe amanar kuɗi. Wadda ke tsaya wa Hajiya a kasuwar Nima ranar Laraba, tana karɓar buhunan albasa da gero, tana rubuta bashi tana bin sa, ta san saye da sayarwa. Wanda ke koyar da yara talatin a makaranta bayan la'asar malami ne, wanda ya haɗa samarin unguwa aka yashe kwata kafin damina ya san jagorancin mutane. A buɗe sabon kai a cikin samfurin, a rubuta su da shekara da adadi, a kan gaskiya.

Sai maganar adireshi, wadda muke yi ƙasa-ƙasa. Wasunmu in sun zo wurin sai su rubuta unguwar Kanda, don tsoron kada a ga Nima a ajiye takardar gefe. Tsoron yana da dalili, kowa ya san irin kallon da wasu ke yi wa unguwannin nan. Amma ƙarya a layin farko mummunan mafari ne, kuma Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duniya ta san ɗan ƙwallo Mohammed Kudus ɗan Nima ne, hakan bai rage shi da komai ba. Wanda ba ya son dogon bayani ya rubuta Accra da lambar waya da imel, ya wadatar. Imel ɗin ma a buɗe sabo da sunan yanka, a bar laƙabin da abokai ke kira a wurin shan ataya.

Abin da muke cikawa kuma shi ne wanda ya kamata a rage. Addini, aure, garin asali, ranar haihuwa, hoton fasfo, duk mun gaje su daga tsohon samfuri. Takardar da za ta Ingila ko Amurka ko Kanada ba a sa mata hoto ko addini, saboda dokokinsu na hana wariya wajen ɗaukar aiki. Wadda za ta Saudiyya ko Katar ko Dubai galibi ana son hoto da ƙasar haihuwa. Wadda za ta ma'aikatar gwamnati a nan gida, a fito da wurin bautar ƙasa da shekararta sarai, domin za a nemi takardar shaidarta. Manyan kamfanoni kuma manhaja ce ke fara karanta CV kafin idon mutum, kuma rubutu mai ginshiƙi biyu da hotuna da sanduna yakan rikita ta. Don haka ginshiƙi ɗaya, salon haruffa ɗaya, girma 11 ko 12, takardar A4, shafi ɗaya ko biyu, a adana a PDF. Kafin a tura, a buga guda a baƙi da fari a duba, domin shuɗin gefen nan da ke burge mu a waya, in ya bi ta injin fotokwafi baƙin dambu yake komawa.

Abin mamaki, mu ne mutanen da ba ma wasa da awo. Ana saura mako uku Sallah, ba wanda zai kai wa tela shadda ya ce a ɗinka da awon maƙwabcinsa. Sai an auna kafaɗa, an auna hannu, an zaɓi aikin wuya, an dawo gwaji. Takardar da za ta shiga ofis ta yi magana a madadinmu ta fi cancantar wannan kulawa, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Don haka yayye da kuka riga kuka samu aiki, in ƙani ya ce ku turo naku, ku ce ya zo gida. Ku zaunar da shi, ku tambaye shi abin da ya iya, da abin da ya taɓa riƙewa, da inda takardar za ta. Masu shaguna, ku ƙara tambaya biyu kafin ku danna bugu, ko da za ku ƙara kuɗin aiki. Ku kuma matasa, samfurin ku ɗauka, ba laifi, amma ku goge duk kalmar da ba taku ba kafin ku sa sunanku a sama. Allah Ya ba kowa halalinsa.