Yadda Ake Hukunta Mai Babakere a Amurka

John D. Rockefeller, wanda ya kafa kamfanin mai na Standard Oil a 1870, mutum ne mai son haɗin kai. A 1872, cikin 'yan makonni, ya haɗa kan matatun mai 22 daga cikin 26 da ke gogayya da shi a birnin Cleveland, wato ya saye su. Bai cika ɗaga murya ba. Yakan buɗe wa mai matata littafin lissafinsa ne kawai, mutum ya ga arahar da za a iya karya farashin kananzir, sai ya ji yana sha'awar yin ritaya. Kamfanonin jirgin ƙasa ma sun yi masa kara da ragin kuɗin dako, har an taɓa ƙulla cewa in abokin hamayya ya yi dakon ganga, a cikin kuɗin da ya biya akwai kason Rockefeller. Zuwa 1880, kusan kashi 90 cikin 100 na man da ake tacewa a ƙasar a hannunsa yake.

Gwamnati ba ta yi sanya ba. A 1890 aka yi dokar Sherman mai hana babakere, kuma bayan shekara 16 kacal aka shigar da ƙara. A watan Mayun 1911 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci mai tsanani: a sassara kamfanin gida 34.

A nan ne masu ƙaramin sani kan rikice. Raba kamfani tamkar rabon gado ne, sai dai mamacin yana raye, kuma shi ne babban magaji. Rockefeller na da kusan rubu'in hannun jarin uwar kamfanin, don haka aka ba shi rubu'i a kowane ɗaya daga cikin 'ya'yan. Ga motoci sun fara yawa, fetur ɗin da ake zubarwa a da ya zama kuɗi, darajar hannayen jarin ta yi tashin gwauron zabi. Haka bawan Allah ya yi ta shan azaba har ya zama biloniya na farko a Amurka.

'Ya'yan kuwa sun girma. Na New Jersey ya koma Exxon, na New York ya koma Mobil, kuma daga baya suka nemi izinin sake haɗewa. Hukumar da aka kafa a 1914 don tsare gasa ta duba lamarin da idon basira, ta gindaya sharaɗin a sayar da gidajen mai sama da 2,000, sannan ta sa albarka a 1999.