Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga File Explorer

Zuwa ga File Explorer,

Na rubuto maka ne a madadin masu shagunan buga takardu, da ɗaliban da ke fama da kundin kammala karatu, da ma'aikatan ofis, mutanen da ba su da wata ƙofar isa ga fayilolinsu sai kai. Tun 1995 kake wannan aiki, lokacin da ka fito cikin Windows 95 da sunan Windows Explorer, kafin a sauya maka suna a Windows 8 cikin 2012.

Da yawansu ba su san cewa aikinka ya wuce buɗe folda ba. Kai ne explorer.exe, kai ke riƙe da fuskar kwamfuta da layin nan na ƙasan allo. Shi ya sa in ka faɗi allo yakan ƙyafta, alamomi su ɓace baki ɗaya, gaban mai aiki ya faɗi, ya ɗauka rubutunsa ya salwanta alhali yana nan a buɗe. Da ya san zai iya danna Ctrl da Shift da Esc ya tashe ka daga Task Manager, da hankalinsa ya kwanta.

Shekarun da na yi ina gyaran kwamfuta sun nuna mini cewa sau da yawa laifin ba naka ba ne. Kana kama da amalanken da kowa ke ɗora wa kaya ba tare da ya duba tayoyi ba. Manhajar matse fayil, da ta kashe bairos, da ta karanta PDF, da ta ajiya a intanet, kowace tana son sunanta ya fito idan aka danna hannun dama na linzami, sai ta cusa ɗan guntun fayilinta na DLL ya riƙa aiki a cikin jikinka. In ɗaya ya tsufa ko aka rubuta shi da sakaci, da ya yi tuntuɓe tare za ku kife. Alamarsa a bayyane take: da an danna dama a kan fayil sai ka sandare. Nan nakan ɗauko ShellExView ta NirSoft, in ɓoye na Microsoft, in kashe rabin waɗanda suka rage, in sake tashinka. In ka tsaya da ƙafarka, mai laifin na cikin waɗanda na kashe. Sai in sake raba su biyu, har ya rage shi kaɗai. Aikin haƙuri ne, amma ko fayil ɗaya ba ya taɓawa.

Wani lokaci folda guda ce kawai ke kayar da kai. Bidiyon biki ne da aka kwaso daga waya, aka zare kebul bai gama shiga ba, kai kuma ka dage sai ka fitar da ɗan hotonsa a fuskar fayil. Ko kuwa ma'ajiyar waɗannan ƙananan hotuna ce ta lalace saboda wuta ta ɗauke kana tsaka da rubutu a cikinta, abin da duk mai aiki da kwamfutar tebur ba tare da UPS ba ya saba gani a ƙasar nan. A share ma'ajiyar da Disk Cleanup, a rufe ɓangaren leƙen fayil da Alt da P, a goge tarihin Quick access wanda ke ta neman filashin da aka zare tun jiya. In duk ba su yi ba, sai sfc /scannow, sai DISM ga mai isasshen data. Idan kuma faifan ajiya ne ya fara ƙara, a kwashe fayiloli tukuna kafin a doshi chkdsk.

To, ga ƙorafina. Kana faɗuwa ka tashi ba ka ce uffan ba, alhali an rubuta abin da ya faru. A cikin Event Viewer, ƙarƙashin Application, akwai rahoto mai lamba 1000, kuma a layin Faulting module name sau da yawa ga sunan fayilin da ya kayar da kai nan ƙuru-ƙuru. Gaskiya ne wani lokaci ntdll.dll kawai za a gani, wanda ba ya nuna kowa, amma ko rabin lokuta aka dace ai an rage asara. Matar da ke buga takardun makaranta a shago ba za ta taɓa leƙa can ba. Za ta kai wa mai gyara, shi kuma in yana sauri ya ce sai an yi fomatin. Ta biya kuɗi, ta rasa aikin wuni, wataƙila da hotunan da ba ta da su a wani wuri, sannan a mayar mata da manhajar da ta jawo matsalar tun farko.

Roƙona biyu ne. In ka tashi daga faɗuwa, ka fito da saƙo a allo, ka ambaci sunan manhajar da ake zargi, ka ba mutum maɓallin kashe ta nan take. Sannan zaɓin nan na buɗe kowace tagar folda daban da fuskar kwamfuta, wanda ke ɓoye can cikin Folder Options, a bar shi a kunne tun daga farko, don kada lalataccen bidiyo guda ya tafi da allon mutum gaba ɗaya.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta a Kano